Idan Uwa Na Jinyar Sankarar Mama, Yaya Za A Yi Da 'Yarta?

 Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga abin da muke tararwa idan mun je duba marasa lafiya a gidaje. Uwa tana jinyar sankarar mama, ana ta kai da kawo tsakanin gida da asibiti, hankalin kowa yana kan mai ciwo, yarinyar gidan kuwa ba mai tuna ta sai in za a aike ta. Ita ke ɗebo ruwa, ita ke goyon ƙaninta, ita ke jin kukan uwarta da dare, amma ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata abin da ake ciki. Maganar magani ta likita ce. Maganar gida kuwa tamu ce duka, don haka muka tsara wannan darasi domin a karanta a tsakar gida, a majalisar dattawa da wurin ta'alimin mata.

Cutar a taƙaice

Sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon daji na nono, tana farawa ne idan wasu ƙwayoyin halitta a cikin nono suka shiga hayayyafa ba ƙa'ida har su zama ƙullutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a duniya, kuma ta yi ajalin kimanin 670,000. A nan Gana ana samun sabbin masu ita fiye da 4,000 a kowace shekara, kuma ita ce sankarar da ta fi kama mata a ƙasar. Kusan rabin matan da ke kamuwa ba a samun wani dalili a tare da su illa kasancewarsu mata da kuma shekaru. Ba a ɗaukar ta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana a ɗaki ɗaya, ko wanke kayan mai ciwo. Sa kuɗi ko waya a cikin rigar mama, kamar yadda matanmu 'yan kasuwa ke yi, ba shi ke kawo ta ba.

Jinyar kan haɗa abubuwa huɗu, gwargwadon abin da likita ya gani: tiyata, da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da ake kira kemo, da gashi da hasken na'ura, da ƙwayoyi irin su tamoxifen da wasu ke sha shekara 5 zuwa 10. Ana yin wannan aiki a asibitin koyarwa na Korle Bu a Akra da na Komfo Anokye a Kumasi, kuma duka biyun suna da na'urar gashin. A Kumasi akwai ƙungiyar Breast Care International, wadda Dakta Beatrice Wiafe Addai ta kafa a 2002, mai yawon wayar da kai da duba mata. Abin da ya kamata iyali su riƙe shi ne jinyar doguwa ce, takan ci watanni da yawa, wani lokaci ta kai shekara. Yarinyar da ke aji shida ranar da aka fara, kafin a gama ta shiga ƙaramar sakandare. Tarbiyyarta ba za ta jira a gama jinya ba.

Na farko: a gaya mata, gwargwadon shekarunta

Al'adarmu ce ɓoye wa yara ciwo, kuma niyyar mai kyau ce, ba a so hankalinsu ya tashi. Sai dai gidan zango gidan haya ne, ɗaki a jikin ɗaki, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya. Abin da uwa ta ɓoye a ɗaki, yarinya za ta ji shi a bakin famfo daga bakin wata, kuma ta ji shi a karkace: an yi wa uwarki sammu, za a yanke mata nono, wance ma da aka yanke ba ta yi wata uku ba. Yarinyar da ta ji haka a waje sai ta haɗiye, ta daina tambaya, ta riƙa ɗaukar tsoron ita kaɗai.

Gara uwa ta faɗa da bakinta, a lokacin da take da ɗan ƙarfi, tare da wata babba da yarinyar ta saba da ita, kaka ko inna. Ga 'yar shekara 4 zuwa 7, magana gajera ta isa: "Uwata, akwai ciwo a nonona, likita zai ba ni magani mai ƙarfi. Zai sa ni gajiya, sumata za ta zube, amma za ta sake fitowa. Ba ke kika jawo ba, kuma ba za ki ɗauka ba." Waɗannan biyu na ƙarshe kada a bar su, domin ƙaramin yaro yakan ɗauka rashin jinsa ne ya kwantar da uwarsa.

Ga 'yar shekara 8 zuwa 12, a ambaci sunan cutar, a gaya mata kwanakin asibiti, da wanda zai dafa abinci, da inda za ta kwana ranar da aka kwantar da uwa. Ga budurwa 'yar 13 zuwa sama, a yi mata bayani kamar yadda za a yi wa babba, a bar ta ta yi tambaya, in tana so ta raka uwa asibiti sau ɗaya ta ga wurin da idonta.

Tambayar da kowace uwa ke tsoro ita ce, "Mma, mutuwa za ki yi?" Kada a yi mata tsawa, kada kuma a rantse mata da abin da ba a hannun mutum yake ba. Ana iya cewa: "Rai na hannun Allah. Mata da yawa sun yi wannan magani sun warke, ni ma ina yi ne don in warke. In wani abu ya canza, ni zan gaya miki." Sannan a cika wannan alkawari.

Na biyu: a san kwanakin kemo, a tsara gida a kansu

Mu 'yan kasuwa mun san ranar da kaya ke sauka da ranar da ciniki ke mutuwa, kuma a kan haka muke tsara mako. Kemo ma yana da nasa zagayen. Galibi ana ba da shi duk bayan mako uku, sau 6 zuwa 8, amma likita ne ke yanke wa kowace mace nata. Kwanakin farko bayan an karɓa su ne na tashin zuciya da kasala. Daga kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙar cuta, kan yi ƙasa sosai. Mako na uku yawanci jiki kan ɗan dawo.

A samu kalanda a rataye a ɗaki, a sa wa ranakun alama, a bar yarinya ta riƙa yin alamar da hannunta. Idan ta san kwana uku na farko Mma ba ta iya hira, ba za ta ɗauka fushi ake yi da ita ba. Idan ta san mako na uku ne na sauƙi, sai a ajiye masa kitso, da duba littattafan makaranta, da hirar da ake son yi.

A mako na biyu a kiyaye tsabta. Yarinya ta wanke hannu da sabulu in ta dawo makaranta kafin ta shiga wurin uwa. In tana mura ko tari ta kwana ɗakin kaka. Masu zuwa dubiya su rage cunkoso a ɗaki. A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye. In ya nuna 38 ko sama, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kada a tsaya shan maganin zazzaɓi na kanti, domin zazzaɓi a wannan lokaci yana iya zama haɗari cikin 'yan awoyi. Lambar wanda za a kira ta kasance a rubuce a bango inda yarinya za ta gani.

Wasu abubuwan gara a faɗa mata tun kafin su faru. Suma kan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan kemo na farko, ta kuma dawo bayan an gama. Wani daga cikin magungunan ja ne, yakan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Gashin na'ura ba ya barin komai a jikin uwa da zai cutar da yaro, don haka ta rungumi 'yarta yadda ta saba. Amai da fitsarin kwana biyun farko bayan kemo kuwa babba ya kwashe da safar hannu, ba aikin yarinya ba ne. Uwa mai goyo kuma ba ta shayarwa a lokacin kemo, sai a nemi shawarar ma'aikatan asibiti kan abincin jariri.

Na uku: ta taimaka, amma kada ta zama uwar gida

Taimakon uwa ibada ne, kuma yarinyar da aka hana ta yin komai takan ji kamar an ware ta. A ba ta aikin da ya dace da ita: ta kawo ruwan sha, ta tuna wa uwa lokacin ƙwaya, ta share ɗaki, ta karanta mata abin da ta haddace a makarantar allo. Aikin ya kasance mai iyaka, wanda in ta gama za ta fita wasa ba tare da jin ta yi laifi ba.

Inda ake samun ɓarna shi ne a sauke mata gidan gaba ɗaya. Uwa ce mai sayar da koko da ƙosai ko wake da shinkafa a bakin titi, ta kwanta, sai a ce yarinya ta riƙe tukunya. Yau ta makara, gobe ba ta je ba, kafin zangon karatu ya ƙare an cire sunanta. In tana shekarar ƙarshe ta ƙaramar sakandare, jarrabawar BECE ta wuce ta. Tun 2017 babbar sakandare ta gwamnati kyauta ce a Gana, amma sai wadda ta zauna wannan jarrabawa ke samun shiga. Uwa za ta iya warkewa bayan shekara ta tarar 'yarta ta yi asarar da ba a mayarwa cikin sauƙi.

Saboda haka muna ba da shawarar uba ko kawu ya je makarantar boko ya sanar da malamin ajinta, ya je wa malamin makarantar allo shi ma, a roƙe su su sa ido, su kuma riƙe sirri. Sana'ar uwa a nemo babba daga dangi ko maƙwabta ta riƙe a raba riba. Dare kuma babba ya kwana da mai jinya.

Akwai kuma masu cewa a aurar da yarinya da wuri domin uwa ta ga aurenta tun tana raye, ko domin a rage baki a gida. Dattawa su tsaya a kan wannan. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, kuma auren da aka ƙulla cikin firgici da wuya ya zauna.

A lura da alamun nauyi ya yi mata yawa: fitsarin kwance bayan ta daina, yawan ciwon ciki ko na kai, rashin cin abinci, faɗuwa a aji, ko shiru irin wanda ba halinta ba. Budurwa kuma takan nuna nata ta hanyar tsiwa da daɗewa a waje. Kafin a ɗauki bulala a tambaye ta abin da ke damunta. Ladabin gida bai tashi ba don uwa ta kwanta, lokacin salla da na shigowa gida suna nan yadda suke, kuma tsayuwar waɗannan dokoki ma kan kwantar wa yaro hankali, ya ga gidan bai rushe ba.

Na huɗu: jikinta ita ma yana canzawa

Wannan ne ya bambanta 'ya mace da ɗa namiji a wannan jinya. Tsakanin shekara 8 zuwa 13 ƙirjin yarinya ke fara tasowa, kuma yakan fara ne da ɗan ƙullutu mai zafi a ƙarƙashin kan nono, sau da yawa gefe ɗaya kafin ɗayan. Yarinyar da ta san ciwon uwarta da ƙullutu ya fara, in ta taɓa ta ji wannan, za ta iya yin watanni cikin tsoro ba ta gaya wa kowa ba. Uwa ko inna ta riga ta faɗa mata cewa girma ne, kuma sankarar mama a jikin 'yan mata masu ƙananan shekaru abu ne mai wuyar samu ƙwarai. In ta fara al'ada a lokacin da uwa ke kwance, a tabbata akwai macen da aka ɗora wa koya mata tsarki da kula da kanta.

Maganar gado ma a yi ta da gaskiya. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na masu cutar suka gaje ta. Amma 'yar wadda ta yi cutar tana da ɗan ƙarin haɗari, musamman in ta kama uwar tun da ƙuruciya, ko akwai wasu a dangi da suka yi ta. Kyautar da uwa za ta bar wa 'yarta a nan ita ce takardu: shekarar da aka gano, irin sankarar, da maganin da aka yi. A ajiye su kamar yadda ake ajiye takardar fili. Idan yarinyar ta girma ta kai wa likita, shi zai gaya mata lokacin da ya kamata ta fara gwaji.

Idan an cire nono, uwa ce ke da ikon nuna tabon ko ta rufe. Abin da yarinya ke kallo shi ne yadda mutanen gida ke mu'amala da uwarta bayan tiyatar. In ta ga uba ya ƙaurace wa ɗakin, ko kishiya na habaici, darasin da za ta ɗauka shi ne mace ba ta da daraja sai da cikar jiki, kuma ranar da ita ma ta ji ƙullutu a nata jikin za ta ɓoye. Da yawa daga matan da ke isa asibiti a makare tsoron wannan wulaƙanci ne ya zaunar da su a gida.

Na biyar: ibada da neman magani

Addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, kuma jinya dama ce ta koya wa yarinya wannan a aikace. Uwa ta yi salla a zaune in ba ta iya tsayuwa, ta yi taimama in ruwa zai cutar da ita, ta yi shafa a kan bandeji, ta ajiye azumi ta rama in likita ya ce zai yi mata illa. A yi wa yarinya bayani don kada ta ɗauka uwarta ta yi sakaci. Addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani a kan mara lafiya duk alheri ne, kuma ba sa hana zuwa asibiti. Abin da muke roƙon malamai da dattawa shi ne kada wani ya ce a dakatar da kemo a koma jiƙo, ko a shafa wa nono magani mai cin fata. Duk wani sassaƙe ko garin magani da aka kawo, a nuna wa likita kafin a sha, domin wasu kan yi karo da maganin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa burin a kammala gwaje-gwajen gano cutar cikin kwana 60, kuma aƙalla kashi 80 cikin 100 na masu jinya su kai ƙarshen maganinsu. Yanke magani a tsakiya yana daga cikin manyan abubuwan da ke mayar da hannun agogo baya.

Na shida: aikin uba, dangi da unguwa

Kuɗi ne ke yanke wa yawancin iyalai jinya. Sankarar mama na cikin cututtukan da inshorar lafiya ta ƙasa ta lissafa, don haka a tabbata katin uwa da na yara na aiki, ana kuma sabunta shi ta waya da lambar *929#. Tun ranar farko a tambayi asibiti abin da katin ya ɗauka da abin da iyali za su biya, a rubuta, a lissafa kuɗin mota da na masauki ga masu zuwa daga nesa. 'Yan adashi su ba mai jinya ɗauka ta gaba. 'Yan uwa da ke Jidda, Landan ko Amurka a gaya musu lissafin a fili, su san abin da ake bukata kowane mako uku. Kuɗin makarantar yarinya a ware shi daban kada ya narke cikin na magani, kuma kada a riƙa lissafin bashi a gabanta.

Magajiya da matan unguwa su raba kwanaki: wance girkin Litinin, wance wanki, wance rakiya asibiti. Mai zuwa dubiya ya bar labarin waɗanda suka mutu da cutar a bakin ƙofa, ya kuma tambayi yarinyar gidan karatunta. Uba ya ware wa 'yarsa ko da minti goma a rana, ya ji ta bakinta.

Idan likita ya ce cutar ta yi nisa

Ko a nan akwai magani na rage zafi da ƙara kwanaki masu daɗi, kuma neman sa ba yanke ƙauna ba ne. Uwa ta yi amfani da lokacin da take da ƙarfi ta faɗi wadda take so ta riƙe 'yarta, a gaban miji da shaidu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon yaro bayan uwa yana fara komawa ne ga kakarsa ta wajen uwa, kuma 'yar uwar uwa tana gaba da dangin uba a jerin. A zauna da limami a fayyace wannan tun ana tare, a rubuta bashi da jarin kasuwa da abin da ke hannun mutane, domin haƙƙin marainiya ya fi saurin salwanta inda ba rubutu. Yarinya kuma kada a kore ta zuwa wani gari a ce don kada ta gani. A bar ta kusa da uwarta, ta yi mata hidima daidai ƙarfinta, su yi bankwana.

Tambayoyin tattaunawa a gida

1. In uwar gidan nan ta kwanta wata shida, wa zai riƙe girki, wa zai riƙe sana'a, wa zai tsaya kan karatun yara?
2. Wace babbar mace ce 'yarmu za ta iya gaya wa abin da take jin kunyar gaya wa ubanta?
3. Katin inshorar kowa a gidan yana aiki?
4. Matan gidan sun san su je asibiti da zarar sun ji ƙullutu a nono ko hammata, ko sun ga kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko da ba ya zafi?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa jinya ta zama kaffara, Ya raya mana 'ya'yanmu bisa tarbiyya tagari. Amin. Wassalamu alaikum.